Kamu Biyu na Kwanar Lungunmu

Shekarar da ƙanƙara ta sauka a Jos wata Laraba da la'asar, ta huda kwanon rumfunan masu kayan miya, ta kashe wa uwarku kaji uku a tsakar gida, ita ce shekarar da na gina garejin nan da kuke yi wa dariya. Ke Sadiya ana goyonki a lokacin, kai kuma Aminu kana makarantar kwana, don haka babu wanda ya ga farkon abin a cikinku. Ƙarshensa kawai kuka tarar, wato mota kanta a ciki wutsiyarta a waje. Na daɗe ina jin kuna ba abokanku labari, ina murmushi ina wucewa. Amma makon jiya ka zo da mai bulo, Aminu, kuna auna kwanar lungu kuna maganar a miƙe shingen domin taka motar ta shiga. Shi ya sa na ɗauki biro. Malamarmu ta ajin manya ta ce kowa ya rubuta abin da yake so 'ya'yansa su sani. Hannuna ba shi da sauri, shafi ɗaya yakan ci mini yini, amma wannan magana na fi so ku same ta daga hannuna.

Wata huɗu kafin ƙanƙarar na sayi motata ta farko, bayan shekara ashirin ina tuƙa ta mutane. Tsohuwa ce, doguwa, mai buɗaɗɗen baya, ina ɗauko dankalin Turawa da kabeji da ita daga gonaki in kawo wa 'yan kasuwa. A bakin titi take kwana, ƙofar gidanmu a unguwar Congo-Russia. Da ƙanƙarar ta wuce na fito na tarar da gilashin gaba ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Na tsaya ina kallonsa, na ce a raina motar nan ba za ta ƙara ganin damina a fili ba. Muna da fili a gefen gida wanda mahaifina ya bari, inda Hajara, uwarku, take shanya da kiwon kaji. Na ɗauki igiya na auna motar daga hanci zuwa wutsiya, na ƙulla a inda ta ƙare, domin a lokacin ban iya karanta lambobin tef ba. Na kai igiyar filin na shimfiɗa. Daga bakin titi zuwa ƙarshen filin, mota za ta shiga har a sami rarar taƙi ɗaya. Abu guda ne ya tsaya mini a hanya, shi ne shingen ƙyarana.

Ke Sadiya ba ki san shi ba, kai kuma Aminu ƙila ka manta shi. Ƙyarana ce irin ta Filato, mai ƙaya, mai farin ruwan da idan ya shiga ido sai an yi da gaske. Mahaifina ne ya shuka ta, ta raba filinmu da lungun da ke bi ta gefenmu zuwa gidan Baba Lasisi. Gidansu yana bayan namu, ba shi da ƙofa a titi, wannan lungu shi ne kaɗai hanyarsu. Shingen ya tafi a miƙe daga titi, amma da ya kai kwanar da ake karyawa zuwa ƙofarsu sai ya lanƙwaso cikin filinmu kamar cikin tulu, ya cinye mana kamu biyu. Kowa a unguwa ya san wannan kamu biyu namu ne. Ni dai na ɗauka hannun tsoho ne ya karkace ranar da yake shuka.

Baba Lasisi tela ne, Bayarabe, amma a nan Jos aka haife shi, iyayensa sun zo tun zamanin haƙar kuza. Shi ya ɗinka mini rigar Sallah ta farko. A shekarar yana kwance, ciwon ƙirji ya kayar da shi tun ƙarshen rani, matarsa Iya Muni tana jinya. Na shiga na gaishe shi, na ce masa zan yi gareji in sa shingen katako a madadin ƙyarana.

"Allah ya sa albarka, Sale," in ji shi. "Ƙayar nan ma ta isa haka, ta sha yage wa Iya zane."

Iyakar abin da na faɗa masa ke nan. Ban ce zan miƙe kwanar ba, domin ban ga abin faɗa a ciki ba. A ƙa'ida ba a taɓa shingen iyaka sai an kira na wancan gefe ya tsaya, an kira dattijo ɗaya ko biyu sun gani. Na san haka sarai. Amma na ce mutumin nan ba shi da lafiya, ƙasar kuma tawa ce, me zan tara mutane a kai?

Na ɗauko Oga Pam, kafinta, wanda muka saba tun ina yaron mota. Muka je kasuwar katako ta Laranto tare. Shi ya zaɓi itacen turare na dirkoki, yana ƙwanƙwasa kowanne da guduma yana saurare, wanda ya yi ƙara mai nauyi ya ce ɗanye ne a mayar. Muka kwana uku muna saran ƙyarana, fuska a ɗaure da tsumma saboda ruwanta. Da muka zo ɗaure igiyar da za a bi a haƙa ramuka, Pam ya tsaya a kwanar yana kallon tsofaffin saiwoyi yadda suka zagaya.

"Oga Sale, wannan kwana, tsofaffi ba su yi shi don wasa ba. Ka tambaya?"

"Wa zan tambaya? Mai shukar ya rasu."

"To. Gidanka ne."

Ya ja igiya ta miƙe. Mun ƙone gindin kowace dirka a wuta, muka shafe ta da baƙin man mota saboda gara, muka kafa goma sha huɗu da siminti. Pam mutum ne mai tsabtar aiki. Kowane katako da zai buga sai ya sa ɗan yatsansa tsakaninsa da na kusa, ya ce katakon rani yana kumbura da damina, idan ba a bar masa wurin numfashi ba zai ture ɗan'uwansa. Ƙofar gaba ya yi mata ƙyaure biyu, kowanne da katako guda a gicciye, ya taso daga ƙasa wajen dirka ya hau sama, domin kada ƙyauren ya sunkuya ya riƙa jan ƙasa. Ranar da muka rufa kwano na shigar da motar a hankali, Pam yana buga mini gefe, na fito na ja ƙyaure biyu suka haɗu, na zura sakata. Ban taɓa mallakar abin da na rufe wa ƙofa haka ba. Na daɗe a tsaye hannuna a kan sakatar.

Kwana biyu bayan haka ina cin tuwo da rana, Hajara ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba.

"Baban Aminu, Iya ta yi mini wata magana."

"Wace magana?"

"Ta ce aikin ya yi kyau. Ta ce Allah ya sa a ci moriya. Sai kuma ta ce, idan ta Allah ta kasance ga Baba, ta ina za a fitar da shi?"

Na ce mata lungu yana nan, ban taɓa faɗinsa ba, mutum yana wucewa da bokiti biyu. Ta ce ita ma haka ta ce wa Iya, Iya ta ce bokiti ba ya da tsawon mutum a kwance. Na ajiye lomar da ke hannuna. Na fita na tsaya a kwanar. A hagu bangon gidan maƙwabta, a dama sabuwar dirkata mai ƙamshin mai. Na buɗe hannuwana ina gwadawa, na ga kamar za a iya, na kuma ga kamar ba za a iya ba. Pam ya zo ɗaukar kayan aikinsa, na gaya masa. Ya ce a ɗauko katako mai tsawon makara a gwada. Na ce katako siriri ne, zai ruɗe mu, ni sai na gani da idona.

Nan na yi wauta ta biyu. Na je masallacin unguwa bayan azahar na roƙi ladan aron makara. Ya dube ni, na yi masa bayani, ya ce to bari ya kama mini. Muka ɗauko ta, ni a gaba shi a baya, muka shigo lungu da rana tsaka, ban aika wa kowa ba, ko Hajara ban gaya wa ba. Matan da ke ɗibar ruwa a bakin titi suka gan mu, suka san wanda ke kwance a gidan baya, sai salati ya tashi. Kafin mu kai kwana an fara biyo mu. Iya Muni ta fito da kwanon koko a hannu, ta ga makara ta doso ƙofarta, kwanon ya faɗi.

"Yanzu na bar shi! Yanzu yanzu na bar shi yana tari!"

"Iya, ba haka ba ne, gwaji muke yi," in ji ni.

"Gwajin me? Ana gwajin mutuwa ne?"

Muna cikin haka makarar ta cije. Kanta ya tokari bango, gefenta ya kama dirka. Muka ja baya muka sake, ta sake cijewa. Na ce wa ladan mu ɗaga kanta sama mu tsayar da ita. Muka ɗaga, ta wuce da ƙyar tana kankare katako. Ladan ya sauke nasa gefen yana haki.

"Malam Sale, babu kowa a kai shi ya sa. Da mutum a kai ba a tsayar da ita kamar tsani."

Sai muka ji ƙarar sanda. Baba Lasisi ne ya fito, yana dafa bango, rigar sanyi a kan jallabiya, ƙafa ba takalmi. Ya dubi makara, ya dube ni, ya dubi matan da suka cika lungu hannu a ka.

"Sale, ka zo ɗaukata da wuri. Ko kokon ban sha ba."

Mata suka fashe da dariya, wasu da hawaye a fuska. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ce a kawo masa kujera, ya zauna a bakin ƙofarsa, ya bari mutane suka watse, sannan ya nuna kwanar da sandarsa.

"Kana da shekara huɗu ko biyar mahaifiyata ta rasu. Lokacin shingen a miƙe yake, kamar yadda ka mayar da shi. Aka zo fita da ita, makara ta ƙi juyawa. Sai da aka ɗaga ta aka miƙa ta saman ƙaya, mutane a wancan gefe suna karɓa, likkafani ya kama ya yage. Ina tsaye ina kallo. Ban ce wa kowa komai ba. Bayan sadakar uku na fito da asuba na tarar da mahaifinka da fartanya yana tuge ƙyarana yana mayar da ita ciki. Na ce Malam Garba me kake yi? Ya ce yana gyaran shingensa ne, in wuce in ba shi wuri. Daga ranar har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Laifina ne da ban gaya maka ba. Na ɗauka ka sani."

Na ce masa ban sani ba. Ya ce ƙasar tawa ce, shi ba ya roƙon komai, mutum idan ya mutu ba ya jin ko ta ina aka bi da shi. Iya ta ce masa ya yi shiru, shi ba zai ji ba amma ita za ta gani.

Da muka koma gida na shimfiɗa igiyar motata a cikin garejin, na cire kamu biyu daga baya. Ko makaho ya san amsar. Pam, da bai riga ya tafi ba, ya zauna a kan buhun siminti yana tunani, can ya ce ya samo dabara.

"Mu yanka shingen a kwanan, mu sa ƙaramin ƙofa. Kullum yana kulle, motanka yana ciki. Ranan da abu ya faru, ka fitar da mota, ka buɗe, makara ya juya ta cikin gareji ya wuce. Kowa ya samu."

Wallahi dabarar ta yi mini daɗi. Na ji kamar an sauke mini dutse. Na kira Hajara na gaya mata, ina jiran ta yaba. Ita ce fa ta fi kowa son garejin, ita ta sayar da tunkiyarta aka cika kwanon rufi.

"Ranar da kake Bauchi da makulli a aljihu fa?" in ji ta.

"Sai in bar miki wani."

"Ranar da motar taka ta ƙi tashi fa, kamar shekaranjiya? Gawa za ta jira bakanike?"

Pam ya yi dariya har ya buga cinya. Ni ban yi ba. Na yi kwana uku ina juya abin. Ina tuƙi ina lissafin kamu, ina salla kwanar tana faɗo mini a rai. Babu wanda ya matsa mini. Iya tana gaishe ni kamar kullum, har ta aiko da alala. Abin da ya tsaya mini shi ne, mahaifina bai ba su ƙofa ba. Da ya so, da ya sa ƙaramin ƙyaure ya riƙe makulli, a riƙa zuwa ana sallama ana roƙo. Hanya ya bar musu, ya juya baya, ya ce gyaran shingensa yake yi. Ni kuma ina shirin in sa mutanen da aka yi wa rasuwa su fara da ƙwanƙwasa ƙofata. A rana ta huɗu na je wurin Pam tun da safe na ce ya zo da diga.

Tugewa ta fi kafawa wuya. Simintin ya riga ya kama, dirka biyar muka fasa gindinsu, uku suka tsage ba su ƙara moruwa ba. Katakon da aka ɓamɓare daga ƙusa rabinsa ya tafi murhun Hajara. Muka bi tsofaffin saiwoyin ƙyarana da suka rage a ƙasa, duk inda suka lanƙwasa muka lanƙwasa. Pam ya yanka katakai gajeru gajeru domin su bi zagayen, yana mita yana cewa shekara talatin yana aiki bai taɓa gina cikin tulu da katako ba. Wannan karon na kira Baba Lasisi ya zauna a kujerarsa, na kira ladan da wani dattijo suka tsaya. Na kuma aika gida gida cewa za a ga makara, kada kowa ya tsorata. Muka sake aro makarar, ta juya kwanar ba ta taɓa ko'ina ba.

Daga nan kun san sauran. Motar ta shiga, wutsiyarta ta rage a waje, ƙyaure biyun da Pam ya ƙawata ba su ƙara haɗuwa da mota a ciki ba. Sarƙa nake zagayawa in ɗaure su a jikinta. Idan hadari ya haɗu kuna gani ina gudu da tsohuwar katifa in rufa wa gilashin baya. Wata rana ina hanya da motar wani, tawa tana gida, ƙanƙara ta riga katifa, ta fasa gilashin. Wani lokaci kuma aka kwance fitilun bayan duka biyu. Ban taɓa zuwa na gaya wa Baba ba, amma ya gani, domin ta nan yake wucewa.

Shi kuwa ya warke. Ya koma kan kekensa, ya ƙara shekara bakwai yana ɗinki, duk ranar da ya gan ni sai ya ce, "Direba, yaushe za mu sake gwaji?" Iya Muni ce ta riga shi, ita da take tsoron abin da za ta gani. Zazzaɓin kwana biyu. Ina riƙe da gaban makara ta dama, muka fito daga ƙofarsu, muka karya kwanar a hankali, kafaɗata ko katako ba ta goga ba. Baba yana biye da mu da sandarsa. Da muka dawo daga maƙabarta na gan shi ya tsaya shi kaɗai a wurin, ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon. Na zo zan wuce, ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Ya isa, Sale. Har da rara."

Bayan shekara biyu shi ma ta nan muka bi da shi. Yanzu jikarsa ce a gidan da mijinta da yara uku, kuma na tabbata ba su san wannan labari ba, kamar yadda ni ban sani ba. Ba sai sun sani ba. Ku ne ya kamata ku sani, tunda ku ne masu igiya da bulo. Idan katakon ya ruɓe ku canza shi, idan kuna son bulo ku sa bulo, amma ku bi inda ya lanƙwasa. Motarka, Aminu, ta kwana a inda tawa ta kwana.

Ga abin da aikin nan ya ci, domin kada a ƙara ko a rage. Dirka uku. Katako goma sha ɗaya. Siminti buhu biyu. Kwana tara da ban fita aiki ba. Tunkiyar Hajara. Gilashin baya ɗaya, fitila biyu, katifa ɗaya da ruwa ya ruɓar. Kwanon kokon Iya, wanda ya lotse bai ƙara zama daidai ba. Sai shingen ƙyarana da mahaifina ya shuka da hannunsa, wanda na sare cikin kwana uku ban tambayi kowa ba. Kamu biyun nan ban sa su a ciki ba, domin tun ina ɗan shekara biyar suka fita daga hannunmu.